Daga Kurmi Zuwa Kogi: Tarihin Sassaƙar Jirgin Ruwa a Ƙasarmu

Ina so in yi amfani da filin tarihi na wannan fitowa in yi magana a kan wata sana'a da ke neman ɓacewa a gaban idonmu, watau sassaƙar jirgin ruwa.

Na san 'yan ajinmu za su yi dariya, su ce me ya haɗa mutumin Dogon Dawa da jirgi, alhali ko iyo bai iya ba. Gaskiya ne, mu ba 'yan bakin kogi ba ne. Rafukanmu sai da damina suke kumbura, rani na yi yaro ma sai ya tsallake su da ƙafa. To, amma ina roƙon mai karatu ya tambayi kansa, shin a ina ake haihuwar jirgi? Ba a cikin ruwa ba ne. A cikin kurmi ne, a gindin maɗaci ko kawo ko maje ko rimi, irin itatuwan da muka tashi muka tarar a dajinmu. Ruwan ƙasar Birnin Gwari kuwa, ko ya bi ta Mariga ko ya bi ta wasu rafuka, kogin Kaduna yake nufa, Kaduna kuma ta kai shi Kwara a ƙasar Nufe. Saboda haka rabin farko na wannan sana'a a hannun mutanen daji yake, ko sun sani ko ba su sani ba.

Bari mu fara da abin da ƙasa ta tona da kanta. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya don shayar da shanunsa a kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kamar mita 5. Da aka duba, sai aka ga ashe kwalekwale ne. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka haƙa suka bayyana shi gaba ɗayansa. Tsawonsa mita 8 da 'yan kai, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5. Da aka auna shekarunsa a ɗakunan bincike na Turai, sai aka tarar ya yi kimanin shekara 8,000. A duk Afirka ba a taɓa samun jirgin da ya girme shi ba, a duniya ma waɗanda suka girme shi ba su wuce ɗaya ko biyu ba. Daga baya aka ɗauke shi zuwa Damaturu.

Abu biyu ne suka fi ba ni mamaki game da wannan jirgi. Na farko, a lokacin da aka sassaƙa shi ba a san ƙarfe ba, da gatarin dutse aka yi aikin, amma duk da haka goshinsa da bayansa a fiƙe suke tsaf, wanda ya sa masanan suka ce wannan ba aikin ɗan koyo ba ne, lalle sana'ar ta daɗe kafin a kai ga irin wannan gwaninta. Na biyu, itacen da aka yi shi da shi dangin maɗaci ne. A yau wanda ya je Dufuna neman maɗacin da zai ba da miƙaƙƙen gungume mai mita 8 zai sha yawo. Jirgin ya nuna mana cewa akwai zamanin da ƙasar Yobe take da ruwa mai yawa da manyan itatuwa, sa'an nan suka tafi.

Wannan ya kawo mu ga wata ƙa'ida da duk tarihin jiragen Afirka ta Yamma yake bi, ita ce irin itacen ƙasa shi ke yanke irin jirginta. Budumawan tafkin Chadi ba su da manyan itatuwa a tsibiransu, sai suka koyi ɗaure damman ciyawar ruwa su yi jirgi da ita, wanda in ya yi 'yan watanni ya jiƙe sai a yar a ɗaura wani. Da Turawan nan Barth da Overweg suka taso daga Tarabulus a 1850 da niyyar yawo a tafkin, sai da suka ɗauko nasu jirgin gunduwa-gunduwa a kan raƙuma suka ƙetare Sahara da shi, Overweg ya harhaɗa shi ya shiga ruwa a 1851. A can yammacin Kwara kuwa, wajen Segu da Jenne da Tambutu, itatuwan gajeru ne, saboda haka sai a sassaƙa rabi biyu a haɗa su a tsakiya, ko kuwa a ɗinke katakai da igiya, ana tafiya ana kwarfe ruwa. Bafaranshen nan René Caillié ya shiga irin waɗannan ɗinkakkun jirage daga Jenne zuwa Tambutu a 1828. Da irinsu ne kuma Sonni Ali, wanda ya mulki Songhai daga 1464 zuwa 1492, ya mallaki kogin. Amma da an gangaro kudu inda kurmi ya yi kauri, sai a tarar da jirgi na gungume guda, wanda zai ɗauki mutane da yawa har da kayansu.

A ƙasar Hausa, ma'abota ruwa na asali su ne mutanen yamma. Akwai Kabawa, waɗanda labarin bakansu ya ce Kanta, wanda ya gina Surame a ƙarni na 16, yana da jirgin sarauta da aka lulluɓe da tagulla, yana yawo da shi a gulbin Kabi idan ruwa ya cika fadama. Akwai Sarkawa, waɗanda asalinsu daga masuntan Songhai ne, suka zama Hausawa a harshe, suka bazu da jiragensu da tarunansu har Binuwai da tafkin Chadi. Akwai kuma Gungawan Yawuri, waɗanda sunansu ma daga gungu yake, watau tsibiri, mutanen da ko gona za su je sai da jirgi. A ƙasar Nufe kuwa akwai Kede, masu sarauta tasu ta ruwa, sarkinsu ana kiransa Kuta, mazauninsa Muregi, daidai inda Kaduna ta haɗu da Kwara.

Kada wani ya ɗauka wannan harka ce ta masunta kawai. Yawancin goron da kakanninmu suka ci kafin zuwan jirgin ƙasa, sai da ya hau kwalekwale. Fataken Kano da Katsina da Sakkwato masu zuwa Gwanja, komai yawan jakunansu, in sun iso bakin Kwara dole su sauke kaya su jira masu fito, su biya kuɗin fito, wanda sarkin wurin yake da kasonsa a ciki. Mai mashigi shi ke da hanya. Turawan farko ma sun ɗanɗana wannan. Mungo Park ya haɗa nasa jirgin ne a Sansandin daga ɓarayin tsofaffin kwalekwale biyu, ya taso a ƙarshen 1805, ya zo ya halaka a duwatsun Busa a 1806. Richard Lander da ƙanensa John, waɗanda suka bi sawunsa a 1830, sun yi fiye da wata guda a Yawuri, sa'an nan suka ɓata makonni tsakanin Busa da Wawa suna roƙon a sayar musu da jirgi mai kyau, ana ta yi musu gobe-jibi, domin sarakuna ba sa sakin jirgi da sauƙi. Da suka gangara Raba, suka tarar da wani basarake a tsibirin da ke fuskantar garin mai ɗaruruwan jirage a ƙarƙashinsa. Sunan sarautarsa da suka rubuta da gurɓataccen rubutunsu, duk Bahaushen da ya karanta zai gane Sarkin Ruwa ake nufi.

To, yaya ake sassaƙar? A nan zan ɗan dakata, domin wannan ne ɓangaren da littattafan makaranta suka tsallake, kuma shi ne ɓangaren da ya shafe mu.

A ƙasar Hausa masassaƙin jirgi ba wani mutum ne dabam ba, ɗan gidan masassaƙa ne, waɗanda ke yi mana turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da allo da ƙotar fartanya. Harshenmu ma ya ba da shaida, domin kalmar komi ana faɗinta ga jirgin gungume, ana kuma faɗinta ga abin da ake zuba wa dawaki da shanu dusa. Aikin iri ɗaya ne, girma ne ya bambanta. Sa'ad da muke yara akwai wani tsohon masassaƙi a garinmu, muna ce masa Baba, wanda da ƙuruciyarsa ya bi mahaifinsa sun sassaƙa komayen fito ga mutanen bakin Mariga, inda da damina ba a ƙetarewa sai da jirgi. A lokacin da na san shi turame kawai yake yi, amma in aka taɓo masa zancen komi sai ya ajiye gizago. Abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi, na kuma ƙara da abin da na gani da idona a shekarun da aiki ya kai ni Yawuri.

Aikin farko shi ne zaɓen itace, kuma a cewarsa nan ne ake gane gwani. Ana neman wanda ya tashi sak ba karkata, ba reshe sai can sama, irin wanda ba a samu sai a kurmin bakin rafi inda itatuwa ke tseren neman rana. Maɗacin fili, wanda ya sami sarari, da wuri yake rassa, inuwarsa da daɗi amma ba ya jirgi. In an sami wanda ido ya yarda da shi, sai a buga masa ƙeyar gatari a saurara. In ya amsa da ƙarar ganga, akwai kogo a ciki, sai a wuce. Kowane itace kuma da halinsa. Rimi ba shi da nauyi, yana da daɗin sara, yana ba da ƙaton jirgi, amma ba ya daɗewa yake ruɓewa. Maje yana tsakiya. Maɗaci yana da nauyi, yana jure ruwa shekara da shekaru. Kawo kuwa gara ma tana shakkarsa, sai dai yana cin bakin gizago, maƙeri ya yi ta samun ciniki. Ba a kuma sara sai an sanar da mai gari da wanda ke kula da daji, an ba da abin da aka saba bayarwa.

Da kaka ake shiga daji, bayan an kawar da amfanin gona, domin aikin ya kai ga rani, a sa jirgi a ruwa da farkon damina. Inda itacen ya faɗi nan ake sassaƙa shi, don babu mai iya ɗaga ɗanyen gungume, saboda haka masassaƙa sukan kafa bukka su tare a wurin. Sai a yanke tsawon da ake so, a ɓare ɓawo, a juya gungumen a ga wane gefe zai zama ciki wane zai zama baya, a daidaita saman da gatari, a zana bakin jirgin da gawayi. Daga nan sai raraka, da gatari tukuna, sa'an nan da gizago, babba da ƙarami. Yaran gida su ke fitar da tsakiya, inda ko an yi kuskure ba a yi ɓarna ba. In an kusa jiki sai tsoho ya karɓa. Ba shi da ma'auni sai hannunsa. Yakan sa tafi ɗaya a ciki ɗaya a waje ya shafa, ko ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya san inda ya rage kauri. Gindi dole ya fi gefe kauri, don nauyi ya zauna a ƙasa jirgi ya daidaita a ruwa, kuma don shi ke gogar yashi da dutse. In gefe guda ya fi ɗaya nauyi, jirgin zai yi ta karkata har ranar da zai mutu. Sara guda da ya zarce kuwa, aikin wata biyu ya koma komin dawaki. Baba yakan ce mana abin da ya fi wuya a koya wa yaro shi ne ya san lokacin da zai daina sara.

In an gama sai a yi gayya, a shimfiɗa gumagumai a ƙasa, a ɗaura igiya, a ja shi har bakin ruwa da kiɗa da waƙa. Wannan ilmi duk babu wanda ya rubuta shi. Ɗa yana ɗaukarsa ne a gefen ubansa, kuma ba ya ɗaukuwa sai akwai itacen da za a sara. Ga inda matsalar take.

Zuwan Turawa bai kashe sana'ar nan take ba. Lugard kansa ta ruwa yake samun kayansa, shi ya sa ya zauna a Lakwaja da Jebba, sa'an nan a 1902 ya koma Zungeru a bakin Kaduna. Amma da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, aka kuma gina gadoji, sai goro da gishiri suka bar mashigai suka koma tasha. Har ila yau Turawa suka kawo dokar daji, wadda ta sa manyan itatuwa irin su maɗaci ba a sara sai da takarda. A 1936 aka keɓe gandun daji na En'e a ƙasar Birnin Gwari, wanda shi ne a 1999 ya zama Gandun Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Masassaƙa sun ji haushin wannan doka, kuma suna da hujja, domin an raba su da abin da suka gada. Amma a ganina, in don ita, da manyan itatuwan da muka gani da ƙuruciyarmu ba su kai zamaninmu ba.

Babban juyi ya zo ne da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa masu yawa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Inda dā kogi ne wanda ake hango ƙetarensa, sai ga tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, mai iska da igiyar ruwa. Ƙaramin komi ba zai iya da wannan ba. Ana bukatar jirgi mai faɗi mai zurfi, wanda za a ɗaura wa inji, kuma babu sauran gungumen da zai ba da shi a kusa. Sai jirgin katako ya karɓi fili. Haka kuma aka yi a Jebba, da Shiroro wadda aka gama a 1990 a kan kogin Kaduna.

Ba na raina jirgin katako. Na zauna na kalli masu yinsa a bakin ruwa a Yawuri, aikinsu akwai basira. Sukan shimfiɗa gindi, su lanƙwasa katakan gefe su kafe su da ƙusa a jikin haƙarƙari, su cusa auduga ko tsumma a tsakanin katakai, su shafe da kwalta, wani lokaci su bi layin da falankin kwano. Itace guda da zai ba da komi ɗaya, in an tsaga shi da zarto zai ba da katakan jirgin da ya ninka komin girma, saboda haka ta fuskar tattali ma ci gaba ne. Sai dai jirgin gungume ba shi da mahaɗi, shi kuwa na katako duk jikinsa mahaɗi ne, ƙarfinsa kuma bai wuce ƙarfin katakon da ya riƙe ƙusar ba. Na taɓa tambayar wani dattijo daga cikinsu, na ce, “Baba, wane katako ne wannan?” Ya ce, “Ɗana, wanda mota ta kawo.” Ya ce da yana yaro da maɗaci da loko suke aiki, yanzu kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin mai jirgi, sai farin katako mai taushi, wanda in ya sha ruwa 'yan shekaru ƙusa sai ta riƙa yawo a cikinsa. Da ya ji daga inda na fito, sai ya ce ai mu ne masu itace, me muka yi da shi?

Jama'a, wannan ba zancen kayan tarihi ba ne kawai, zancen rai ne. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa sun ce jirgin tsoho ne, ya yi rauni, an kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. A Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a ƙaramar hukumar Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Kowa ya san dalilan da akan lissafa, watau lodi, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya, da kututturan itatuwan da ruwan madatsa ya binne a tsaye. Duk gaskiya ne. Amma ba kasafai nake jin an tambayi da wane katako aka yi jirgin ba, ko wane ne ya yi shi, ko a wurin wa ya koya. Duk sanda aka yi haɗari sai a ji ana cewa a hana jirgin katako a kawo na roba. Ni ban ƙi na roba ba, amma mutumin ƙauye da jirginsa ya tsage, kafintan garinsu zai gyara masa kafin azahar, na roba kuwa sai an nemo mai gyara da kayan gyara daga birni. Jirgin katako zai daɗe tare da mu. Abin da ya kamata shi ne ya zama mai kyau.

Mu dawo gida. Injin zarto na hannu ya yi wa dajinmu abin da gatari bai yi ba a shekara ɗari. Itacen da masassaƙa za su yi kwana biyu suna sara, yanzu kafin a sha ruwa ya faɗi, an tsaga shi a nan take an loda a mota. Sa'an nan aka shiga haukar maɗobiya, wadda ake kaiwa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje, ta share dazuzzukan Taraba da Kogi da wasu jihohi. Maɗobiya ba itacen jirgi ba ce, amma hanyar da aka buɗe don ita, ita mota ke bi ta ɗauko sauran. Abin ya kai ga yarjejeniyar duniya ta CITES, mai sa ido a kan cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa maɗobiya a jerinta a 2016, ta dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018, sa'an nan a taronta na Panama a 2022 ta ƙara da maɗaci da kawo na Afirka. Wani abin takaici kuma, maɗacin nan namu da muke ɓare wa ɓawo don maganin ciki har ya bushe a tsaye, a arewacin Ostareliya gonakinsa aka yi, dubban kadada, don katako.

Ba sai na tuna wa kowa abin da ya same mu ba. Tun harin da aka kai Dogon Dawa a Oktoba 2012, wanda aka kashe mutane kimanin 20 da asuba, dajin ya fita daga hannun manomi da masassaƙi da ma'aikacin gandu. Yaron da aka haifa a wannan shekarar ya girma bai san kurmi ba sai a matsayin wurin tsoro, ba zai iya bambanta kawo da doka ba. A Nuwamba 2024 gwamnatin jihar Kaduna ta yi sulhu aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, muna roƙon Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Tsorona shi ne, duk ranar da daji ya buɗe sosai, mai injin zarto da mai gawayi za su riga kowa shiga.

Wasu ƙasashe sun ɗauki irin wannan sana'a da muhimmanci. Hukumar UNESCO ta sa ƙirar jiragen katako na mutanen Sulawesi ta Indunusiya a jerin al'adun duniya a 2017, ta sa ta ƙasashen arewacin Turai a 2021. Mu ma bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya shiga jerin a 2016, kuma a cikinsa akwai tseren kwalekwale. Ana tafa wa mai tuƙi, ana ba shi kyauta, amma ban taɓa jin an kira wanda ya sassaƙa jirgin an ce ya miƙe a gan shi ba.

Ƙungiyarmu ba gwamnati ba ce, amma akwai abin da ba ya fin ƙarfinmu. Muna tuna ɗakin koyon sana'a na makarantarmu, da injunan da aka kawo zamanin tsarin 6-3-3-4 suka shekara a cikin akwatunansu don babu wuta, alhali ga masassaƙa a cikin gari waɗanda ba sa bukatar lantarki, ba a taɓa gayyatar ko ɗaya ya shigo aji ba. Ina ba da shawara a gyara wannan. A nemi tsofaffin masassaƙan da suka rage a Dogon Dawa da Kuyello da Randagi da cikin Birnin Gwari, musamman wanda ya taɓa yin komin fito, a ɗauki maganarsu da hoton aikinsu, tunda yau kowa da waya a aljihu, a kuma biya su su koya wa ɗalibai riƙon gizago ko da a kan akushi ne. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Yawuri da Sabuwar Busa da Shiroro su yi haka da masu jirgin katako.

Sai kuma shuka. Da rani ƙwallon maɗaci yake bushewa ya tsage gida huɗu, 'ya'yan su zubo, kuma ba sa jure ajiya, gara a shuka su a leda da wuri a dasa da damina. Masana aikin daji sun ce akwai wata tsutsa da ke cin kan maɗaci yana ƙarami, ita ke sa shi ya yi rassa tun yana ƙasa, kuma ɓarnarta takan ragu in an dasa shi a cakuɗe da wasu itatuwa, a riƙa kuma sassabe masa rassan gefe. Saboda haka kada a jera shi shi kaɗai a bakin hanya kamar na unguwannin Turawa a Kaduna da Zariya, a nemi gefen rafin da ke bayan makaranta a yi masa ɗan kurmi. Kafin ya isa komi zai yi shekara 50 ko fiye, saboda haka sai a rubuta a littafin ƙungiya abin da aka shuka shi dominsa, da sa hannun shugaban makaranta da mai gari, don kada wani ya zo daga baya ya sayar wa mai gawayi.

Wanda kuma yake da tsohon komi ko gizagon kakansa a gida, don Allah kada ya bari a faskara ko a kai wa 'yan gwangwan. Ya sanar da sakatare kafin taron shekara, mu ga yadda za a kawo shi makaranta.